Mun horar da ma'aikata, wasu sun tafi, aiki bai canja ba: ina kuskuren yake?

Abu_Sadiq:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa na wannan zaure. Akwai wata damuwa da na daɗe ina juyawa a raina, na ga ya dace in kawo ta gabanku tunda a cikinku akwai waɗanda suka riga ni shiga harkar masana'anta. Ni ne manajan wani matsakaicin kamfanin sarrafa shinkafa a Jihar Kano. Bara waccan na shawo kan mai kamfanin ya ware kuɗi, muka tura mutum 6 daga cikin masu kula da injuna kwas na mako 2, muka biya kuɗin kwas da masauki da alawus. Kafin shekara ta zagayo, 2 daga cikinsu sun koma wani kamfanin da ya fi mu albashi. Sauran 4 suna nan, amma yawan karyayyar shinkafar da inji ke fitarwa bai ragu ba, kuma injin bai daina tsayawa ana tsakiyar aiki ba. Yanzu mai kamfanin ya ce ba zai sake kashe ko kwabo a kan horo ba, domin a ganinsa mu ne ke shuka wasu suna girbewa. Tambayata ita ce, shin koyon aiki a wurin aiki yana ƙara wa kamfani riba da gaske? Sannan ina yawan jin ana cewa a bar ma'aikaci ya riƙa kawo dabara yana gwadawa tamkar kamfanin nasa ne. Wannan abu ne mai yiwuwa a irin yanayinmu, ko kuwa zance ne na manyan kamfanonin waje?

Injiniya_Bompai:
Wa alaikumus salam, Malam Abu Sadiq. Kafin a yanke wa horon hukunci ina so ka amsa mini abu ɗaya: da mutanen nan suka dawo, an ba su ikon taɓa saitin injin, ko kuwa sai shugaban sashe ya amince? Na tambaya ne domin na shekara 19 a irin wannan aiki, kuma abin da na fi gani shi ne a tura yaro ya koyo abu, ya dawo ya tarar da cewa spana tana hannun wani. A sarrafa shinkafa, mafi yawan karaya tun daga wajen busarwa take farawa. Shanshera ta fi kyau a shigar da ita inji damshinta na wajen kashi 14 cikin 100. Idan ta bushe ƙayau, ko aka busar da ita da zafi mai tsanani a gaggauce bayan an turara, ƙwayar tana tsagewa tun tana cikin ɓawonta, sai ta ƙarasa karyewa a wajen gogewa. To idan wanda ya koyo wannan ba shi da ikon ya ce a dakata da wannan zubin har ya huce, takardar shaidarsa ba za ta hana ko ƙwaya ɗaya karyewa ba.

A inda na fara aiki akwai wani dattijo da bai taɓa shiga aji ba, amma yakan ɗebi shanshera a tafin hannu, ya murza, ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya ciza, ya ce a ƙara mata awa ɗaya. Da aka kawo na'urar auna damshi, muka riƙa gwada maganarsa da abin da na'ura ta nuna, da wuya su saɓa. Rabin abin da na sani a bayan wannan bawan Allah na koye shi, kuma babu inda aka rubuta hakan a matsayin horo.

Hajiya_Mai_Lissafi:
Ni ta fannin kuɗi zan duba. Malam Abu Sadiq, shin kamfaninku yana biyan kuɗin asusun horar da ma'aikatan masana'antu, wato ITF? An kafa wannan asusu a 1971, hedikwatarsa tana Jos, kuma kamfanonin da doka ta hau kansu suna zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da suke biya a shekara. Abin da masu kamfani da yawa ba sa bibiya shi ne, idan kun horar da ma'aikatanku bisa ƙa'idar asusun, kuka ajiye takardun shaida, kuna iya neman a maido muku da har rabin abin da kuka zuba. Wannan kaɗai zai iya sassauta zuciyar mai kamfanin. Shi wannan asusun ne kuma ya ɓullo da shirin SIWES a 1973, wanda ke tura ɗalibai masana'antu su koyi aiki da hannu.

Abu na biyu, ka ce karaya ba ta ragu ba. Kun auna ta kafin a tafi kwas? Idan babu littafin da ke nuna buhu nawa na lafiyayyar shinkafa ke fita daga kowace tan ta shanshera, da awa nawa inji ya tsaya a kowane mako da dalilin tsayuwarsa, to da kai da mai kamfanin duk da ido kuke hukunci. Wataƙila an samu ci gaba amma sabon kayan da aka sayo daga wata kasuwar ya cinye shi.

Ɗan_Kwari:
Ranku ya daɗe, ni ɗan kasuwa ne ba ɗan masana'anta ba, amma wannan magana ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A Kantin Kwari yaro yakan fara da shara da ɗauko kaya daga sito, daga nan ya koyi bambanta atamfa da taɓawa, ya san wane abokin ciniki ake ba bashi wane ne ba a ba. Idan ubangida ya ga hankalinsa, sai ya ware masa wasu kaya ya ce ka sayar, abin da ya hau kan kaza naka ne. Daga ranar nan za ka ga yaron ya canja, shi ne farkon buɗe shago, shi ne mai gaya wa Alhaji cewa wannan zanen ya daina tafiya, mata wancan suke tambaya. Mu ba mu taɓa ɗaukar cewa yaro zai zauna har abada ba. An san wata rana za a sallame shi da jari, kuma idan an rabu lafiya shi ne zai zama babban mai sayen kayanka. 'Yan'uwanmu Ibo ma haka suke yi, yaro ya yi shekaru yana hidima, a ƙarshe a ba shi jarin buɗe nasa. Saboda haka ni ban ga asara a tafiyar mutum 2 ba, sai dai in an rabu da su baram-baram.

Magatakarda_Dutse:
Ina da ja a kan batun ma'aikaci ya zama ɗan kasuwa. Na yi aikin gwamnati shekara da shekaru, na ga yadda wannan ke kashe ofis. Mutum ya sa hannu da safe, ya rataye hularsa a kujera, ya tafi shagonsa, jama'a na zaune a benci suna jiran fayil. Kundin tsarin mulkin 1999, a jadawali na biyar, ya hana jami'in gwamnati mai aikin cikakken lokaci gudanar da kasuwanci na ƙashin kansa, in ban da noma. Idan aka buɗe wa ma'aikatan kamfani wannan ƙofa, ina tsoron kada su mayar da kamfanin wurin cajin waya da karɓar albashi.

Malama_Rabi:
Baba Magatakarda, Allah ya ƙara girma, abin da ka faɗa gaskiya ne, sai dai ba shi Malam Abu Sadiq ke tambaya ba. Sana'ar gefe daban, himmar ƙirƙira a cikin kamfani daban. Ta biyun ita ce ma'aikaci ya hango wata dama ko wata ɓaraka, ya tsaya a kanta da irin naciyar mai dukiya, amma da kayan kamfani, da sanin kamfani, kuma amfanin ya koma ga kamfani. Wani Ba'amurke mai suna Gifford Pinchot ne ya yayata wannan tunani tun ƙarshen shekarun 1970.

Misalin da aka fi kawowa shi ne na kamfanin 3M na Amurka, wanda tun 1948 ya bar wa masu bincikensa kashi 15 cikin 100 na lokacin aikinsu su bi abin da suka ga dama. A 1968 wani masanin sinadarai na kamfanin, Spencer Silver, ya samar da wani gam mai rauni, yana mannewa ya ɓanɓaru ba tare da ya bar tabo ba. Babu wanda ya san abin da za a yi da shi, amma ya ci gaba da yawo da shi sashe-sashe yana nuna wa abokan aiki. Sai a 1974 wani abokin aikinsa, Art Fry, wanda ƙananan takardun da yake sa alama da su a littafin waƙoƙin coci ke yawan zamewa, ya tuna da wannan gam. Daga nan aka samu takardun Post-it, ƙananan takardun rubutu masu mannewa a ɓanɓare, waɗanda suka shiga kasuwar Amurka gaba ɗaya a 1980. Ku lura da cewa shekara 12 aka ɗauka, kuma abin da ya haɗa mai gam da mai buƙata shi ne zaman da ma'aikata ke yi suna koya wa juna abin da suke ciki. A nan ne nake ganin koyo da ƙirƙira suke haɗuwa.

Game da waɗanda suka tafi kuma, masanin tattalin arziki Gary Becker ya bambanta horo iri biyu tun shekarun 1960. Akwai wanda zai yi wa mutum amfani a kowane kamfani, akwai wanda ya keɓanta da kamfanin da ya ba shi. Kwas na waje mai takardar shaida na farkon ne, yana ɗaga farashin ma'aikaci a kasuwa. Idan ka ɗaga farashin mutum ba ka ɗaga albashinsa ko matsayinsa ba, maƙwabcinka zai ɗaga.

Sani_Challawa:
Malama, da girmamawa, kamfanin da zai jira shekara 12 a kan gam ba irin namu ba ne. Mu nan kullum lissafin dizal muke yi, wuta ta zo ta ɗauke, kuɗin ruwan banki ya hana mu barci. Idan na ce wa ma'aikacina ya ɗauki kashi 15 na lokacinsa ya yi tunani, wa zai cika odar da aka karɓi kuɗinta? Sannan masaƙun Kaduna da na Kano da suka durƙushe ba rashin horo ne ya kashe su ba, suna da ƙwararru na gani na faɗa. Rashin wuta ne da kayan fasa-ƙwauri.

Injiniya_Bompai:
Malam Sani, na yarda da kai cewa horo ba ya kawo wuta, kuma babu dabarar ma'aikaci da za ta tare iyaka. Amma bari in kawo misalin da ba na masu bincike ba ne, na leburori ne masu ɗaure noti. Kamfanin General Motors yana da wata masana'antar mota a Fremont ta Jihar Kalifoniya, wadda ta yi ƙaurin suna wajen yajin aiki da ƙin zuwa aiki da fitar da motoci masu lahani, har aka rufe ta a 1982. A 1984 aka sake buɗe ta da haɗin gwiwar Toyota da sunan NUMMI, kuma mafi yawan waɗanda aka ɗauka tsofaffin ma'aikatan nan ne da ake kuka da su. An kwashi ɗaruruwansu zuwa masana'antar Takaoka a Japan, ba don su zauna a aji ba, sai don su tsaya a layin haɗa mota kafaɗa da kafaɗa da ma'aikatan can. Da suka dawo suka tarar da wata igiya a saman kowane wurin aiki, wadda duk lebura ke da ikon ja idan ya ga matsala, shugaban rukuni ya rugo, in ba a gyara nan take ba layin ya tsaya. A da, tsayar da layi babban laifi ne. Cikin ɗan lokaci ingancin motocin wannan masana'anta ya shiga sahun gaba a duk masana'antun General Motors, fashin aiki ya ragu ƙwarai.

Mutanen ba su canja ba, garin bai canja ba, ƙungiyar ƙwadagonsu ma tana nan. An koya musu aiki a bakin aiki, sannan aka ba su igiya. Toyota kuwa tun 1951 take da tsarin karɓar shawarwarin ma'aikata, kuma yawancinsu ƙanana ne, irin a matso da akwatin kusoshi kusa da hannun dama. Wannan ba ya buƙatar kashi 15 na lokacin kowa.

Sani_Challawa:
To amma ai ita ma NUMMI ɗin an rufe ta a 2010, kuma General Motors da ta ga abin da idonta ta daɗe ba ta iya kai shi sauran masana'antunta ba. Wannan ya nuna abin ba mai sauƙin kwaikwayo ba ne.

Injiniya_Bompai:
Haka ne, kuma dalilin yana da amfani a gare mu. A wasu wuraren an rataya igiyar, amma ana auna manajoji da yawan motocin da suka fito ko da lahani, saboda haka wanda ya ja igiya ya zama abokin gaban ubangidansa. Igiya ba ta da tsada, haƙurin shugaba idan an ja ta shi ne mai tsada.

Abu_Sadiq:
Na gode muku ƙwarai, kuma dole in faɗi gaskiya ko da a kaina take. Tambayar Injiniya ta farko ta taɓa ni. Ɗaya daga cikin mutum 2 da suka bar mu, mako guda da dawowarsu daga kwas, ya same ni a ofis da wata takarda ya ninke ta huɗu. Ya rubuta cewa a riƙa barin shanshera ta huta bayan zagayen farko na busarwa kafin a ƙarasa, kuma a riƙa duba robobin injin ɓare ɓawo a farkon kowane aiki maimakon a jira sai sun cinye. Na karɓa na ce zan duba. A lokacin muna da oda mai yawa, shugaban sashen kuma ya ce yaro ya je kwas na kwana 14 ya dawo zai koya wa manya aiki. Na sa takardar a aljihun tebur, jiya da na karanta maganganunku na buɗe na same ta a inda na ajiye. Ban taɓa danganta tafiyarsa da wannan ba, na ɗauka albashi ne kawai. Hajiya, littafin da kika ambata ma ba mu da shi yadda ya kamata, buhunan da suka fita kaɗai muke rubutawa.

Bakanike_Zariya:
Yallaɓai, Allah ya saka maka da alheri da ka faɗi wannan, domin manajoji kaɗan ne za su iya. Ni daga ɓangaren ma'aikata nake, kuma ina so a ji namu. Na taɓa aiki a wani kamfani inda muke ƙona man dizal a tukunyar tururi, ga tulin ɓuntu a bayan katanga ana biyan mota ta kwashe. Ni da wani abokina muka zauna bayan an tashi, wajen wata 3, muna zane muna aunawa, har muka fitar da yadda za a gyara murhun ya ci ɓuntu. Muka kai wa shugaban sashenmu, ya ce mu bar masa. Bayan wata 2 aka kira taro, aka yaba masa a gaban kowa, aka ƙara masa girma, sunanmu ko sau ɗaya bai fito ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Tun daga ranar, ko na ga inji zai ci kansa, iyakata in rubuta a takardar rahoto in miƙa. Ba ƙeta ba ce, zuciya ce ta mutu. Duk wanda ke son ma'aikata su riƙa kawo dabara, ya fara tabbatar da cewa dabarar za ta isa sama da sunan mai ita.

Barista_Umma:
Abin da ya sami Malam Bakanike ya shafi doka ta wani ɓangare, ko da yake ba kowace dabara ce ta kai matsayin ƙirƙirar da ake yi wa rajista ba. Dokar Najeriya ta 1970 kan haƙƙin ƙirƙira da zane ta ce abin da ma'aikaci ya ƙirƙira a cikin aikin da aka ɗauke shi ya yi mallakar wanda ya ɗauke shi ne. Amma ta ƙara da cewa idan aikinsa bai ƙunshi ƙirƙira ba kuma ya yi amfani da kayan kamfani ya samar da abin, ko kuma abin yana da muhimmanci na musamman, to yana da haƙƙin a biya shi lada mai dacewa. Jamus tana da doka sukutum a kan wannan tun 1957.

A Japan an yi wata shari'a da ta girgiza kamfanoni. Shuji Nakamura, injiniya a kamfanin Nichia, shi ya samar da ƙwan LED mai shuɗin haske mai ƙarfi a farkon shekarun 1990, wanda ya buɗe hanyar fararen ƙwayayen da muke kunnawa a gidajenmu yau. Tukuicin da aka ba shi yen 20,000 ne, wato kuɗin Japan. Ya bar kamfanin ya koma Amurka, ya shigar da ƙara a 2001, kotu ta umarci kamfanin ya biya shi yen biliyan 20 a 2004, daga baya aka sasanta a 2005 a kan yen miliyan 840. A 2014 ya samu lambar Nobel tare da wasu mutum biyu. Kamfanin ya ci ribar ƙirƙirar, amma ya rasa mutumin.

Malam Abu Sadiq, wasu kamfanoni kan sa ma'aikaci ya sa hannu cewa zai yi aiki na wani lokaci bayan horo ko ya maido da kuɗin. Ana iya yin haka in dai wa'adin da kuɗin sun dace da abin da aka kashe. Sai dai wannan jikin mutum zai riƙe maka, takardar da ke aljihun teburinka ba ta wannan hanyar take zuwa ba.

Magatakarda_Dutse:
Malama Rabi, na fahimta yanzu, na gode da gyara. Sai dai har yanzu ina ganin akwai haɗari. Ba kowace shawarar yaro ce daidai ba, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Shugaban sashen da ya ƙi maganar wataƙila yana da dalilinsa.

Nas_Hauwa:
Baba, ina goyon bayanka a rabi. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma a wurinmu ba a gwaji da ran mutum, babu wadda za ta canja adadin magani don ta ji a ranta. Amma akwai fili mai faɗi da ba ya taɓa wannan. A ɗakin da nake aiki wata ƙaramar ma'aikaciya ce ta ba da shawarar mu riƙa miƙa aiki a bakin gadon mara lafiya maimakon a tebur, mai fita da mai shiga su duba ruwan da ke tafiya da allurar da ke hannu tare. Babbarmu ta ce a gwada mako 2 a gadaje kaɗan. Abubuwan da a da sai tsakar dare ake gano su, yanzu tun wajen miƙa aiki ake kama su, kuma sababbin zuwa suna koyon abin da ba a koyarwa a makaranta. Abin da ya kamata babba ya yi shi ne ya shata iyakar gwajin, ba ya hana shi ba.

Ɗan_Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Mu ma muna da asusun tallafa wa koyon sana'a, FAFPA, amma mafi yawan masu gyaran babur da walda da ɗinki a garejin ubangida suka koya. Abin da nake so in ƙara shi ne misali daga Afirka, kada a ce duk na Turawa da Japanawa ne. M-Pesa ta Kenya, wato tsarin tura kuɗi ta wayar salula, ba daga shugaban kamfani ta fito ba. Wani ma'aikacin kamfanin sadarwa na Vodafone, Nick Hughes, shi ya nemo tallafin gwamnatin Birtaniya, abokiyar aikinsa Susie Lonie ta tare a Kenya tana gudanar da gwajin da aka fara a 2005. Niyyar farko ita ce masu ƙananan rance su riƙa biyan bashi ta waya. Da suka zauna suna kallon abin da mutane ke yi, sai suka ga ana amfani da shi wajen tura wa 'yan'uwa kuɗi, suka juya akalar zuwa can, Safaricom, kamfanin wayar salula na Kenya, ta ƙaddamar da shi a 2007. Da an ɗaure su a kan tsarin farko, ko kuma ba su koyi komai daga gwajin ba, da abin bai kai inda ya kai ba.

Kabiru_Hoto:
Kishiyar wannan ita ce Kodak, kamfanin kyamara da fim ɗin ɗaukar hoto na Amurka. Injiniyansu Steven Sasson ya haɗa kyamarar dijital a 1975, nauyinta ya haura kilo 3, tana ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto ɗaya baƙi da fari a kaset. Shugabanni suka ƙi ta saboda fim ne abincinsu, a 2012 kamfanin ya nemi kariyar kotu saboda karyewa.

Malama_Rabi:
Malam Kabiru, labarin yana buƙatar ɗan gyara. Kodak ba ta jefar da abin ba, ta yi masa rajista, ta sayar da kyamarorin dijital tun farkon shekarun 1990, har ta taɓa zama kan gaba a kasuwar Amurka a tsakiyar shekarun 2000. Matsalarta ita ce ribar kyamara ba ta kama ƙafar ribar fim da sinadaran wanke hoto ba, daga baya kuma waya ta cinye kasuwar. Fujifilm, abokiyar gogayyarta ta Japan, da ta shiga irin wannan hali ta karkatar da ilimin ma'aikatanta na sinadarai zuwa kayan asibiti da na kwalliya. Wannan ya ƙarfafa maganar Malam Sani ta wani gefen: dabarar ma'aikaci ba ta isa ita kaɗai ba idan hanyar samun kuɗin kamfanin ce ta toshe.

Hajiya_Mai_Lissafi:
Mu dawo kan shinkafa. Malam Abu Sadiq, mai kamfaninka da lamba zai gamsu, ba da labarin Japan ba. Ka ɗauki wata guda kana rubuta abin da ke shiga da abin da ke fita, lafiyayya da karyayya da dusa, da lokutan tsayuwar inji. Sannan ka gwada abin da ke cikin takardar nan a zubi kaɗan, ka kwatanta. Idan an samu bambanci, ka mayar da shi naira, domin tazarar farashin buhun lafiyayya da na karyayya kowa ya san ta. Ka kuma nemi alƙawari tun kafin a fara cewa wani kaso na abin da aka tsira da shi zai koma ga waɗanda suka yi aikin.

Ɗan_Kwari:
Ni kuma da zan ba da shawara, sai in ce ka kira yaron da ya tafi. Ka gaya masa ka ga takardarsa, ka ba shi haƙuri. Ko bai dawo ba, sauran 4 za su ji labari.

Abu_Sadiq:
In sha Allahu zan yi duka biyun. Na riga na sayi littafi, kuma na ce wa mutum 4 ɗin nan daga ranar Asabar za mu riƙa tsayawa minti 15 a gaban inji kafin a kunna, kowa ya faɗi abin da ya gani jiya. Abin da ban san yadda zan yi da shi ba shi ne shugaban sashen. Ya girme ni, ya riga ni zuwa kamfanin, mai kamfani yana jin maganarsa, kuma a gaskiya ya san injin nan fiye da kowa. Idan na tsallake shi na kunyata shi a gaban yaransa, idan na bi ta hannunsa kuma ina tsoron kada abin Malam Bakanike ya maimaitu.

Injiniya_Bompai:
Ka sa shi ya jagoranci tsayuwar ta safe, ka kuma roƙe shi ya riƙa koya musu abu ɗaya kowane mako daga abin da ya sani, yadda dattijon nan ya koya mana cizon ƙwaya. Amma littafin shawarwari ya zauna a hannunka, kowa ya rubuta da sunansa da kwanan wata.

Bakanike_Zariya:
Injiniya, namu shugaban ma da murmushi ya karɓi zanenmu. Idan dattijon ya ce a gaban yara cewa shawarar ba za ta yi ba, kuma mai kamfani ya goyi bayansa, Yallaɓai Abu Sadiq yana da ikon ya ce a gwada duk da haka? Wannan nake so ya amsa kafin ranar Asabar.